Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Akwai wani ɗalibin kwalejin ilimi da aka tura gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙauye a ƙasar Daura. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ce, sa'ad da zafin rana kan kai digiri 40 tun kafin azahar. Tsakanin gidansu da makarantar tafiya ce ta kilomita 9 a kan keke, rabinta kwalta, rabinta yashi. Duk wanda ya taɓa tura keke cikin yashi da tsakar rana ya san cewa babu abin da ke fara zuwa zuciyar matafiyi sai ruwa. Saboda haka, tun kafin ya kama aiki, ɗalibin ya shiga kasuwar gwanjo ya sayo wata 'yar jakar goyo mai ledar ruwa a cikinta. Ledar tana cin lita 2, kuma an jona mata dogon tiyo wanda ke zagayowa ta kan kafaɗa, a ƙarshensa akwai bakin tsotso na roba. Mutum yana tuƙi yana shan ruwansa, ba sai ya tsaya ba.

Irin wannan jaka ba ta daɗe a duniya ba. A ƙarshen shekarun 1980 ne wani ma'aikacin agajin gaggawa mai suna Michael Eidson ya shiga wata tseren keke ta mil 100 a Jihar Teksas ta Amurka cikin tsananin zafi. Sai ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti da ruwan sha, ya cusa ta cikin safa, ya goya ta a baya, ya riƙa tsotsa ta tiyo. Daga wannan dabara aka kafa kamfanin CamelBak a 1989, daga baya kuma sojoji da masu hawan duwatsu da 'yan tsere suka rungumi abin. Ɗalibin bai san wannan tarihi ba. Abin da ya sani shi ne, ranar da ya fara shiga harabar makarantar da tiyo a kafaɗa, yara sun yi cirko-cirko suna kallonsa, shi kuwa kallon ya yi masa daɗi.

Da sassafe mahaifiyarsa takan zuba masa zoɓo mai sukari a cikin ledar, wani lokaci kuma kunun zaƙi mai ruwa-ruwa, don kada ya yi tafiya da yunwa. Kafin a fita tara ya shanye. Idan an tashi, sai ya je famfon burtsatse da ke bayan makarantar ya cika ledar da ruwa saboda hanyar komawa. Da ya isa gida yakan ɗauraye ta sau ɗaya, ya mayar da murfi ya ɗaure tam, ya jefa jakar a kusurwar ɗaki sai gobe. Tiyon kuwa bai taɓa tuna cewa yana da ciki ba. A kan teburinsa na aji akwai wata tsohuwar gorar lemo ta roba da yake cikawa kullum, ita ma ɗauraya ce iyakar rabonta.

Mako na uku da fara aiki sai ciki ya soma murɗa masa. Ya sha magani ya lafa, bayan kwana biyu ya dawo da gudawa. Ya rame, idanunsa suka faɗa, har akwai ranar da ya bar aji sau uku kafin a gama darasi ɗaya. Da ya zauna yana lissafi sai ya ga cewa abincin da yake ci a gida shi kowa yake ci, ruwan da yake sha a gida shi kowa yake sha, kuma babu wanda ya yi ko da atishawa. Baƙon abu guda da ya shiga cikinsa, a ganinsa, shi ne ruwan famfon ƙauye. Ga shi kuma ruwan yana da ɗan ɗanɗanon ƙarfe, irin wanda ruwan burtsatse kan yi a wasu wurare. Nan take ya yanke hukunci. Bai tuna ba cewa shi da jakar goyon ma makonsu uku ke nan da haɗuwa.

Da hukuncin ya tsaya a zuciyarsa, da da sauƙi. Amma ranar Talata, a darasin kiwon lafiya na aji biyar, yana bayani a kan cututtukan da ruwa ke kawowa, sai ya so ya ba yara misali na kusa. Ya ce da su, shi kansa ruwan famfon nan ne ya kwantar da shi, kuma bai yarda da lafiyarsa ba. Magana zarar bunu ce. Maganar malami kuwa a ƙauye ba ta kwana a aji. Kafin magariba ta shiga kowane gida, kuma ta isa da ƙari, domin an ce malamin da aka turo daga kwaleji ya auna ruwan ya ga cuta a ciki. Mutanen ba su manta da annobar kwalara ta 2021 ba, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, jihohin Arewa kuma su suka fi jin jiki. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Washegari rabin matan ƙauyen suka daina aika yara famfo. Aka koma tsohuwar rijiya ta bakin fadama, wadda ba ta da murfi, dabbobi na sha a bakinta, guga kuma a ƙasa ake yar da shi.

Maigadin makarantar wani dattijo ne Buzu, mutumin Azbin, wanda ya gangaro kudu bayan farin 1984 da ya cinye masa dabbobi. Yara da manya Madugu suke kiransa, saboda a ƙuruciyarsa ya sha bin ayarin raƙuma daga Agadas zuwa Bilma, tafiyar kimanin kilomita 600 ta cikin hamadar Tenere, a kai gero a ɗauko dabino da kantun gishiri. Ba ya da yawan magana. Wurin zamansa gindin darbejiyar bakin ƙofa, da butar shayinsa a kan gawayi, da salkarsa rataye a reshe tana naso. Duk malamin da ƙishi ya dame shi yakan raɓa can, domin ruwan salkar nan ko da rana tsaka sanyi gare shi. Dalili kuwa shi ne, ɗan abin da ke tsattsafowa ta fatar yana bushewa a iska, bushewar kuma tana jan zafin ruwan da ke ciki, kamar yadda randar ƙasa take yi.

Ranar Alhamis ɗalibin ya jingine kekensa a gindin bishiyar, ya gai da dattijon. Bayan sun gaisa sai Madugu ya ce, “Malam, na ji an ce ruwan famfonmu ya ba ka ciwo. Allah ya sawwaƙe.”

Ya ce, “Amin, Baba. Ai na sha wuya.”

Dattijon ya nuna salkarsa da haɓa, ya ce, “Wannan ruwan famfon ne. Shi nake sha safe da yamma, shi nake dafa shayi da shi, shi yaranka suke sha tun da aka haƙa shi. To, me ya sa ciwon ya tsallake mu duka ya zaɓe ka? Miƙo mini salkar nan taka in gani.”

Ɗalibin ya ciro ledar ya miƙa masa, yana murmushin wanda ya san cewa tsoho ba zai gane kayan zamani ba. Madugu ya kwance murfin, ya kai hanci, ya kawar da kai. Ya tura yatsa ya shafo bangon ciki, ya murza a tsakanin yatsunsa, sai ga yauƙi kamar na kuɓewa. Sa'an nan ya ɗaga tiyon ya saita shi da rana. Tiyon shuɗi ne, saboda haka a inuwa ba a ganin komai, amma da haske ya ratsa shi sai ga ɗige-ɗige baƙaƙe jere tun daga gindi har baki. Dattijon ya sa aka samo tsohuwar wayar birkin keke, ya zura zare da ita ta cikin tiyon, ya ɗaura ƙyallen farin tsumma a bakin zaren, ya jawo a hankali. Tsumman ya shiga fari, ya fito baƙi ƙirin, yana warin tsami.

Madugu bai yi masa dariya ba. Ya ce, “Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. A hanyar Bilma, mutumin da bai iya kula da salkarsa ba, ba ma yarda ya bi mu, domin idan ruwansa ya ɓaci namu zai sha. Salkar ruwa daban take, ta nono daban, ba a haɗa su ko sau ɗaya. Wadda ta ɗanɗana nono ta tashi daga ta ruwa har abada. Idan muka sauka a rijiya, ba ma zuba sabon ruwa a kan tsoho, sai mun juye mun wanke. Idan tafiya ta ƙare kuma, ba a ɗaure bakin salka da laima a ciki. A buɗe ta, a rataye ta inda iska ke bi, ta bushe. Kai kuwa ka mai da taka ta zoɓo da safe, ta ruwa da rana, ka toshe ta da dare. Me ka ke so ta haifa maka?”

Ɗalibin ya rasa ta cewa. Abin da ya fi ba shi kunya shi ne, duk abin da dattijon ya faɗa yana cikin littafin kimiyyar da ya ci jarrabawarsa a kwaleji. Ya san shi a takarda, amma bai taɓa kai shi bakin tiyonsa ba.

Yauƙin nan da yatsan Madugu ya shafo gida ne da ƙwayoyin cuta suke gina wa kansu. Idan suka sami wuri mai laima, sai su manne da bango, su fitar da wani abu mai danƙo su lulluɓe kansu da shi, su yi ta hayayyafa a ƙarƙashinsa. Irinsa ne dattin da ke taruwa a haƙorin wanda bai yi asuwaki ba. Tun a 1683 wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya kankaro irin wannan datti daga haƙoransa, ya duba shi da madubin ƙara girman abu da ya ƙera da hannunsa, ya rubuta wa masanan Landan cewa ya ga ƙananan halittu masu rai suna motsi a ciki. Kamar yadda kurkure baki ba ya cire dattin haƙori sai an goga, haka ɗauraya ba ta cire yauƙin gora. Ruwan yana wucewa ne ta kansa kawai, ya kwashi rabonsa ya kai ciki. Baƙin ɗige-ɗigen kuwa fumfuna ce, irin wadda ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu a leda.

Abubuwa uku waɗannan halittu suke nema, wato laima da ɗumi da abinci. Ledar ɗalibin ta tanadar musu duka ukun. Laima ba ta taɓa barin ta ba, tun da a toshe take kwana. Ɗumi kuwa ga zafin bazara ga na bayan mai goyo. Abinci kuma ga sukarin zoɓo da gasarar kunu, ga yawun da ke komawa ta bakin tsotso duk sa'ad da aka sha. Akwai nau'in ƙwayar cutar hanji da kan rabu biyu duk bayan minti 20 idan ta sami duk abin da take so. A wannan lissafi, ƙwaya ɗaya tak da ta shiga da ƙarfe bakwai na safe za ta haura miliyan 2 kafin ƙarfe biyu na rana, wato daga shiga aji zuwa tashi. A cikin ruwa zalla ba ta samun wannan gudu, domin babu abinci. Sukari ne yake buɗe mata hanya. Ashe dokar Madugu ta raba salkar nono da ta ruwa doka ce mai tushe.

Wani abu kuma da ya kamata a lura da shi shi ne siffar mazubin kanta. Randa tana da faɗin baki, hannu yana shiga ko'ina a wanke ta tas, amma ta wannan baki ne moɗa mai datti da hannun yaro suke shiga su ɓata ruwan. Gora da jarka da tulu ƙaramin baki gare su, hannu ba ya shiga ya ɓata ruwan, kuma wannan babbar kariya ce. A wani bincike da aka yi a sansanin 'yan gudun hijira a Malawi, wanda aka buga a 2001, an ba wasu gidaje bokiti mai murfi da ƙaramin bakin zuba ruwa. Gudawa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin yaransu 'yan ƙasa da shekara 5. Sai dai ƙofar da ta hana hannu mai datti shiga, ita ce kuma take hana hannu mai wanki shiga. Saboda haka mazubi mai ƙaramin baki yana buƙatar dabara, kuma a cikin mazuban duka babu mai ƙaramin baki kamar tiyo. Kakanninmu sun san wannan. Idan an fafe sabuwar gora ta duma, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa, a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa har ɗaci da ɓargon ciki su fita. Tsakuwar ita ce hannun da ke shiga inda hannu ba ya kaiwa.

A yammacin ranar ɗalibin bai yi shirin darasi ba sai da ya gama da ledar. Ya raba ta gunduwa-gunduwa: ya cire tiyo daga jikin leda, ya cire bakin tsotso daga tiyo, ya ɓanɓaro zoben robar da ke cikin murfi, inda ya tarar da wani baƙin datti da bai taɓa sanin da shi ba. Ya haɗa ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, da sabulu, domin tafasasshen ruwa yana lalata irin wannan leda. Ya goge cikin ledar da soso, ya bi lungunan murfi da sabon buroshin haƙori, ya yi ta jan tsumma ta cikin tiyo yana sauyawa har ya fito fari. Bayan haka ya zuba ƙaramin cokali ɗaya na ruwan bilic marar ƙamshi a cikin lita ɗaya ta ruwa, ya cika ledar, ya matsa har ruwan ya bi ta tiyo, ya bar shi 'yan mintoci, ya zubar, ya ɗauraye sau da yawa da ruwa mai tsabta har wari ya tafi. A nan akwai gargaɗi biyu. Ba a haɗa bilic da lemun tsami ko wani abu mai tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Kuma ba a jiƙa gorar ƙarfe da bilic, domin yana cin ƙarfen. Idan wari ne kawai ya rage a mazubi, jiƙa shi da ruwan ɗumi da garin sodar burodi, ko jiƙon kanwa da aka tace, yakan wadatar.

Aiki na ƙarshe shi ne wanda ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Leda idan ta jiƙe bangonta biyu mannewa suke yi, laima ta maƙale a tsakani ko da an bar bakin a buɗe. Sai ya sa ludayi mai tsabta a ciki ya buɗa ta, ya rataye ta kai ƙasa a rumfa inda iska ke kaɗawa, ya rataye tiyon dabam a miƙe, ya shanya murfi da zobe da bakin tsotso a kan faranti. A ƙasashen da wutar lantarki ba ta yankewa, masu irin wannan leda sukan ajiye ta a firiza bayan wanki, domin sanyi yana tsayar da hayayyafar ƙwayoyin, ko da yake ba ya kashe su. Wanda ba shi da wannan gata yana da iskar bazara, wadda ba ta barin laima a jikin komai. Tsohuwar gorar lemon da ke kan teburinsa kuwa, da ya duba ta da kyau ya ga duk ta kakkarce ta yi dishi-dishi, sai ya jefar da ita. Irin wannan gora, mai lamba 1 a cikin alamar kusurwa uku a gindinta, an yi ta ne don a sha sau ɗaya. Ruwan zafi yana lanƙwasa ta, kuma kowane karce a jikinta maɓoya ce da soso ba ya kaiwa.

Wanke leda abu ne mai sauƙi. Wanke maganar da ya yi a aji shi ne aiki. Daren nan ya daɗe bai yi barci ba. Zuciya ɗaya tana ce masa ya yi shiru, saura makonni kaɗan ya gama ya tafi, kuma malamin da ya ce wa yara ya yi kuskure ya zubar da girmansa, balle ga malaman kwaleji suna tafe duba aikinsa. Da safe kuwa, da ya kira suna, sai ya ga wata yarinya da ba ta fashi ba ta zo ba. Ya tambaya, aka ce ƙaninta ne ba lafiya, yana ta gudawa tun jiya, tana taya uwarta jinya. Ya tambayi inda gidansu suke ɗibar ruwa. Yara suka haɗa baki suka ce, “Rijiyar fadama, Malam. Ai kai ka ce na famfo ba kyau.” Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 400,000 a kowace shekara. Ɗalibin ya san wannan adadi, amma sai a ranar ya ji nauyinsa, domin yanzu adadin yana da gida a bayan makaranta.

Ya ajiye alli, ya ciro baƙin tsumman da ya adana a takarda, ya ɗaga shi kowa ya gani. Ya ce, “Ranar Talata na faɗa muku magana ba tare da na bincika ba. Ruwan famfo lafiyarsa ƙalau. Ga abin da ya ba ni ciwo, kuma daga cikin jakata ya fito. Laifina ne, ba na famfo ba. Yau idan kun koma gida ku faɗa wa iyayenku haka, kamar yadda kuka faɗa musu ta farko.” Ajin ya yi tsit. Da aka tashi ya roƙi shugaban makaranta da Madugu suka raka shi wurin mai unguwa, ya maimaita maganar a gaban dattawa, ya sha ruwan famfon a kan idonsu. Daga can ya wuce gidan su yarinyar. Ya tarar ma'aikacin ɗakin shan magani ya riga ya ba yaron ruwan gishiri da sukari, ya fara samun sauƙi. Ya tsaya daga zaure ya ba mahaifin haƙuri. Mutumin ya ce, “Ba komai, Malam. Wanda ya dawo ya gyara maganarsa ai ya fi wanda ya tafi da ita.” Duk da haka sai da aka yi kusan mako guda kafin layin famfo ya koma yadda yake, domin tsoro ya fi gaskiya saurin tafiya.

A makonnin da suka rage, ya mayar da rabin sa'ar ƙarshe ta ranar Alhamis lokacin duba gora. Kowane yaro yakan zo da abin da yake shan ruwa da shi. Gwaji uku ya koya musu, waɗanda ba sa buƙatar kuɗi: a sansana, a shafa da yatsa, a ɗaga a duba da hasken rana. Wanda ya ji wari, ko ya shafo santsi, ko ya ga baƙi ko kore, ya san aiki ya same shi. Ya nuna musu yadda ake zuba ɗanyar shinkafa kaɗan da ruwan sabulu a gorar roba a girgiza, maimakon tsakuwa da ke karce ta. Ya koya musu cewa ruwan jiya a ba shuka, murfi a wanke shi dabam, gora ta kwana a kife bakinta a buɗe, ta kunu kuma ba ta zama ta ruwa, kuma kowa ya sha da tasa. A irin wannan dubawa ce ya ci karo da abin da ya fi nasa tsumman haɗari. Wani yaro ya zo da gora mai kauri, kyakkyawa, wadda aka ɓare takardar jikinta. Da ya sansana sai ya ji warin maganin feshin gona. Ya karɓe ta nan take, ya bayyana wa ajin cewa roba tana shan irin wannan guba, kuma babu sabulun da ke fitar da ita. Mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fetur ko kalanzir ya haramta ga ruwan sha, sai dai a huda shi don kada wani ya tsinta. Ya saya wa yaron wata gorar da kuɗin aljihunsa.

Ciwon cikinsa bai sake dawowa ba. Ya ci gaba da goya jakarsa, amma ruwa zalla yake zuba mata, zoɓon kuwa a kofi yake shan sa kafin ya fito. Malaman da suka zo duba aikinsa sun ba shi maki a kan tsarin darasi da rubutun allo da sarrafa aji, kamar yadda takardarsu ta tanada. Babu gurbi a takardar na abin da ya koya a gindin darbejiya, wato cewa malami ya fara duba nasa mazubin kafin ya ɗora wa rijiyar mutane laifi, kuma abin da ya faɗa a gaban yara talatin ya faɗa ne a gidaje talatin.

Ranar da ya gama, ya je sallama da Madugu, ya kai masa ƙullin ganyen shayi da sukari. Dattijon ya karɓa ya sa albarka. Sa'an nan ya miƙa hannu, ba tare da ya ce komai ba. Ɗalibin ya gane, ya ciro ledar ya ba shi. Madugu ya kwance murfin ya sansana, ya shafa cikin da yatsa, ya ɗaga tiyon ya saita da rana, ya daɗe yana dubawa. Daga nan ya sauko da salkarsa daga reshe, ya cika masa ledar da ruwan sanyi, ya ɗaure murfin, ya ce, “Yanzu kam ka isa bin ayari. Allah ya kiyaye hanya.”